Gwanin Whot a Bakin Ruwan Yawuri

Da la'asar sakaliya, idan masunta sun ɗaure jiragensu a bakin ruwan Yelwa ta ƙasar Yawuri, ko fasinjoji suna jiran kwale-kwale ya cika a Wara ta ƙasar Ngaski, ba a rasa inda aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, mutum huɗu ko biyar sun kewaye ɗaurin karta da ya sha hannu har ya yi laushi. Whot ake bugawa. Tun da madatsar Kainji ta mai da wannan yanki na kogin Kwara tafki a 1968, rayuwar bakin ruwa ta ƙara yawan jira, kuma wannan wasa yana cinye jira.

Asalinsa daga Ingila ne. Wani Bature, William Henry Storey, ya ƙirƙiro shi a 1935, kamfanin Waddingtons ya yaɗa shi, amma a Najeriya ya sami gindin zama, har muka yi masa dokokin kanmu.

Ɗaurin yana da karta 54, kashi biyar: ƙwallo, dala, kuros, mai kusurwa huɗu da tauraro. Ƙwallo da dala 12 kowanne, kuros da mai kusurwa huɗu 9 kowanne, tauraro 7 kacal, sai Whot guda 5 masu lamba 20. Babu 6, babu 9. Ana raba wa kowa huɗu ko biyar, a buɗe ɗaya a tsakiya, sauran a kife su, su ne kasuwa. Idan layi ya zo kanka, ka ajiye wadda ta dace da ta ƙasa a lamba ko a siffa. In babu, ka je kasuwa ka ɗauki ɗaya. Wanda ya riga kowa zubar da na hannunsa shi ya ci.

Wasu lambobin suna da iko. Mai ajiye 1 yana ƙara bugawa. Lamba 2 tana sa na gaba ɗaukar biyu, 5 kuma uku, 8 ta tsallake shi. Idan 14 ta faɗo, sai ka ji an ɗaga murya "janar maket!", kowa ya miƙa hannu kasuwa ban da mai ajiyewa. Whot kuwa tana hawa kan kowace karta, mai ita ya zaɓi siffar da yake so. Ko za a iya tare 2 da wata 2 a tura wa na gaba nauyin, wannan kowace majalisa da tsarinta, kuma masu hankali suna gama wannan magana tun kafin a raba.

Yaro ɗan shekara bakwai zai haddace duk wannan kafin magariba. Abin da ke burge ni shi ne abin da gwani ke yi da shi. Idonsa ya fi zama a kan abokin karawa fiye da kan hannunsa. Yana riƙe da lissafin wanda ya je kasuwa, da kuma siffar da ta kai shi.

A ce saura mutum biyu. Wani dattijo yana riƙe da uku: Whot, tauraro 4 da ƙwallo 4. A ƙasa kuros 11 ce. Ya lura sau biyu saurayin da ke gabansa ya je kasuwa a kan tauraro, kuma ya ƙirga taurarin da suka riga suka faɗi. Sai ya ajiye Whot a hankali ya ce, "Tauraro nake so, yaro." Saurayi ya taɓe baki ya miƙa hannu kasuwa. Dattijo ya ɗora tauraro 4, ya ce "las kad", wato saura masa ɗaya, domin wanda ya manta bai faɗa ba sai ya biya da ɗauka. Nan tarko ya rufe. Kuros da mai kusurwa huɗu ba su da 4, kuma ko saurayin ya sauya da dala 4, lambar dai ita ce, ƙwallo 4 za ta hau. "Haba Baba, ka gama da ni," in ji shi, kafin ma a ce "cek af", kalmar da mai ci ke faɗa idan ya ajiye kartarsa ta ƙarshe. Wannan lissafi ne tsantsa, kuma a kansa dattijon ya yi shi, yana taunar goro.

Gaskiya ce sunan karta ya ɓaci saboda caca, kuma malamai ba su yi kuskure ba da suke tsawatarwa a kanta. Amma majalisu da yawa ko kwabo ba a sawa. Wanda aka cinye ya tashi, na jira ya zauna.

Gwani kuma yana duban tsayin kasuwa. Idan ta ƙare ba wanda ya fita, ƙirga lambobin hannu ake yi, mai ƙaranci ya ci. Tauraro ninki biyu ake lissafa shi, Whot kuma 20 ce cif. Saboda haka da ya ga kasuwa ta yi ƙasa, sai ya fara rabuwa da 13 da 14, Whot ɗin da ya ɓoye tun farko ma ya sake ta kafin ta zame masa kaya.