Daga Tebur Zuwa Kwamfuta, Daga Kwamfuta Zuwa Tebur: Tarken Wasannin Shiga Rigar Tauraro

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wasannin nan na ƙagaggen labari da ake yi a kan tebur, waɗanda aka ciro daga wasannin intanet, don a ga abin da suka samu da abin da suka rasa wajen wannan ƙaura.

Asali

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka. Mutane kaɗan ne kan zauna, kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda, jagora yana ba da labari, ƙwayar lido kuwa tana yanke hukunci. Daga wannan tushe ne wasannin intanet irin su EverQuest na 1999 da World of Warcraft na 2004 suka tsiro. Sai kuma reshe ya juya da mujiya: kamfanin Sword & Sorcery ya mayar da EverQuest kan tebur a 2002, da World of Warcraft a 2005, sannan Square Enix ya yi wa Final Fantasy XIV haka a 2024.

Zubi da Tsari

Abin lura na farko shi ne, a intanet dubban mutane ke tarayya a duniya ɗaya, saboda haka dodon da aka kashe dole ya sake tashi don na baya su samu abin kashewa. Wato aikin tauraro ba ya barin gurbi. A tebur kuwa, idan an ƙone gari ya ƙonu, domin jagora zai riƙe wannan a ka. Nan ne waɗannan wasanni suka ci riba.

Amma akwai aibi. Lissafin da kwamfuta ke yi cikin ƙiftawar ido, an ɗora wa ɗan Adam shi. Alal misali, EverQuest na tebur ya riƙe tsarin ƙidayar makin sihiri da ɗimbin tsafe-tsafe na asalinsa, har labari kan tsaya ana jiran mai fensir. Haka kuma Final Fantasy XIV ya zo da rabon aikinsa na mai tare duka da mai warkarwa da masu kai sara. Wannan ya sauƙaƙa wa baƙo shiga, amma ya fifita fagen fama a kan halayyar tauraro.

Mallakar Labari

Matsala mafi nauyi ita ce ta iko. A 2011 kamfanin Blizzard ya bayyana cewa littattafan tebur na Warcraft ba sa cikin ingantaccen tarihin wannan duniya. Ke nan marubutan da suka cike giɓin labarin sun yi noma ne a gonar aro.

Kammalawa

A ganina, ma'aunin irin wannan aiki shi ne yawan 'yancin da ya bar wa jagora da 'yan wasa. Wanda ya ɗauko ƙasashe da taurari da rikicinsu, ya bar wa inji lissafinsa, shi ne ya fahimci dalilin komawa tebur.