Masu Karanta Ƙarƙashin Ruwa

A shekarar 1948, a yankin Nagasaki na ƙasar Japan, wasu 'yan'uwa biyu, Kiyotaka Furuno da ƙanensa Kiyokata, suka fara sayar wa masunta na'urar da ke nuna inda kifi yake. Asalin sana'arsu gyaran rediyo ne da haɗa wa jiragen su wutar lantarki. Auna abin da ke cikin teku da sauti ba su suka fara shi ba, domin tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko Paul Langevin ya yi wannan aiki a Faransa don gano jiragen yaƙi masu nutso. Abin da 'yan'uwan nan suka yi shi ne sa na'urar ta ji abu mai ƙanƙanta da motsi irin taron kifi. A Amurka kuma, Carl Lowrance da 'ya'yansa suka fito da ƙarama wadda mai ƙaramin kwalekwale zai iya ɗauka, a ƙarshen shekarun 1950.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. A ƙasan jirgi ana maƙala wani ɗan dunƙule mai suna tiransdusa. A cikinsa akwai wani yanki na tangaran na musamman wanda idan wuta ta shige shi sai ya yi rawa, ya harba sauti cikin ruwa. Sautin ya bugi ƙasa ko kifi ya dawo, tangaran ɗin ya sake mayar da shi wuta, allo ya zana. Sauti yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu. Da lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka ake lissafa zurfi. Mafi yawan abin da ke dawo da sautin daga jikin kifi kuwa ba tsoka ba ce, jakar iskar nan ce da ke cikinsa wadda take taimaka masa tsayawa a ruwa.

Wanda nake jinjina wa a wannan harka shi ne mutumin da ya iya haɗa tiransdusa da jirgi. Mai saye yakan zuba kuɗinsa a kan allo mai faɗi da launuka, shi kuwa gwani tambayarsa ta farko ita ce: da me aka ƙera jirginka? Yana da dalili. Idan za a huda ƙasan jirgin katako a saka, ba ya yarda da tiransdusa mai gidan roba, saboda katako yana kumbura idan ya sha ruwa, sai ya matse robar ta tsage. Nan tagulla ake so. Amma wannan tagullar idan aka kai ta jirgin alminiyam, ta zama masifa, don ƙarafan biyu idan suka haɗu cikin ruwa, musamman na gishiri, ɗaya yana cinye ɗaya, jirgin ne kuma zai ciwu. Akwai wadda ake mannawa daga ciki ba tare da huda ba, sautin ya ratsa jikin jirgin. Wannan sai a jirgin fibagilas mai kauri ɗaya, wanda ba a cusa masa katako ko soso a tsakiya ba. Ko ɗan kumfa ya maƙale cikin gam ɗin da aka manna ta da shi, hoton ya lalace, domin iska ita ce babbar abokiyar gabar wannan sauti.

Saboda iskar nan ne ma za ka ga gwani ya duƙa a bayan jirgi yana kallon yadda ruwa ke fita yayin gudu, yana neman wurin da ba kumfa, nesa da farfela. Ɗan bambanci na yatsa biyu sama ko ƙasa shi ke raba na'urar da ke riƙe ƙasa a guje da wadda ke makancewa da zarar an taka inji. Idan ƙasan jirgin yana da gangara, sai ya zaɓi wadda aka karkata tangaran ɗinta a ciki, misali digiri 12 ko 20, don sautin ya sauka a miƙe.

Daga nan sai batun dacewa da allon kansa. Kamfanonin Garmin, Lowrance, Humminbird da Furuno kowa da irin bakin wayarsa, kuma ko bakin ya shiga, ba shi ke nan ba. Dole ƙarfin wuta ya yi daidai: allon da ke harba kilowat ɗaya zai iya ƙona tiransdusar da aka yi don wat 600. Dole kuma muryarsu ta zo ɗaya. Tsofaffin na'urori suna aiki da kilohaz 50 da 200. Na 50 yana kai wa zurfi sosai kuma yana buɗewa, amma hotonsa ba ya fita tas. Na 200 ya fi tsukewa, ya fi rarrabe ƙananan abubuwa a ruwa marar zurfi. Sababbi masu tsarin CHIRP suna zuba jerin muryoyi a harbi guda, shi ya sa suke iya raba kifi biyu da ke kusa da juna, amma sai da tiransdusar da aka ƙera don haka.

Karanta allon wani ilimi ne daban. Sautin yana sauka ne kamar hasken tocila, yana faɗaɗa yayin da yake nisa. Mai buɗewar digiri 20, a zurfin mita 10, faɗin da take gani bai wuce mita uku da rabi ba. Wanda ya san haka ba ya ɗauka cewa ya ga duk abin da ke ƙarƙashinsa. Ya kuma san dalilin da kifi ke fitowa da siffar baka: lokacin da ya shigo gefen sautin yana da ɗan nisa, a tsakiya ya fi kusa, sannan ya sake nisa yayin fita. Tsawon bakan ba girman kifi yake nunawa ba, daɗewarsa cikin sautin ce. Kauri da ƙarfin launi su ne shaidar girma. Ƙasa mai dutse tana dawo da layi mai ƙarfi, wani lokaci har da na biyu a ninkin zurfin, laka kuwa tana shanye sautin. Idan ya ƙara wa na'urar ƙarfin ji, yakan hango wani siririn layi a tsakiyar ruwa, iyakar ruwan ɗumi na sama da mai sanyi na ƙasa. A tafkuna da yawa lokacin zafi iskar shaƙa tana ƙaranci a ƙasan wannan layi, don haka kifi ke taruwa a kansa ko ɗan samansa, nan kuma masunci zai saukar da ƙugiyarsa.