Wa Zai Duba Rubutun?

Tun 2008, da YouVersion ta fito, ana karanta Littafi Mai Tsarki a waya, masu irin wannan aiki kuwa suna neman ƴan sa kai su duba musu rubutu. Abin da ban yarda da shi ba, ƴan'uwa, shi ne ikilisiya ta bar wannan ga duk yaron da ya iya kwamfuta. Baƙin da Ibraniyawa 13 ta ce mu karɓa, in ƙugiyar harafin ta faɗi, sun zama baki. A Nijar ƴ muke rubutawa, a Nijeriya 'y. Alamar ta ɓace, ƴaƴan Allah sun koma yayan Allah ke nan. Dattawan da suka daɗe suna karatu gaban jama'a ran Lahadi, su za a zaunar kusa da yaron.