Gwanintar Kai Kukan Asibiti Gaban Hukuma

Idan annoba ta sauka, kowane asibiti ya iya kuka. Masu iya mayar da kukan nan ya zama buƙatar da gwamnati za ta sa wa hannu cikin mako guda su ne 'yan kaɗan. Ƙungiyar Asibitocin Amurka, wadda aka kafa tun 1898 kuma take magana da yawun asibitoci kusan 5,000, ta nuna wannan gwaninta a watan Maris na 2020, lokacin da korona ta fara cika gadaje a New York.

Asibitocin sun shiga tsaka mai wuya. An ce su jinkirta duk tiyatar da ba ta gaggawa ba, alhali daga nan suke samun kuɗin shiga mai tsoka, ga kuma farashin takunkumi da rigunan kariya ya yi tashin gwauron zabo. Ƙungiyar ta haɗa kai da ta likitoci da ta ma'aikatan jinya, suka rubuta wa shugabannin majalisa, suka ambaci adadi ƙarara: dala biliyan 100. Ranar 27 ga Maris aka sa hannu kan dokar tallafin korona ta CARES da wannan adadi a cikinta, a watan Afrilu aka ƙara biliyan 75.

Kuɗi dai kowa ya gani. Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da suka yi kan ƙa'idoji. Sashe na 1135 na dokar kula da jin daɗin jama'a ya ba sakataren lafiya ikon ɗage wasu sharuɗɗa idan an ayyana dokar ta-ɓaci, sai dai wani ne zai nuna masa wanne sharaɗin ke shaƙe asibiti. Ga misali: shirin inshorar tsofaffi na Medicare ba ya biyan kuɗin gidan jinya sai majinyaci ya kwana uku a asibiti. Ma'aikaciyar jinya a ɗakin marasa lafiya abin da take gani shi ne tsoho ya murmure amma yana riƙe da gado, wani kuma yana haki a bakin ƙofa. Gwanin kai ƙorafi shi ne ya san sakin layin da ya haddasa hakan, da ofishin da ke da hurumin ɗage shi, har ya rubuta kalmomin da jami'i zai amince da su ba tare da fargabar bincike ba. Da irin wannan naci aka ɗage sharaɗin kwana ukun, aka buɗe ganin likita ta bidiyo daga gida, wanda a da kusan sai mazauna karkara, aka kuma yarda a kwantar da majinyata a otal da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Rabon bai tafi daidai ba, gaskiya. An kasafta biliyan 30 na farko gwargwadon abin da kowane asibiti ya samu daga Medicare a 2019, don haka mai shi aka ƙara wa. Sai da ƙananan asibitoci suka ɗaga tasu muryar aka ware wa na karkara biliyan 10.

Dokar ta-ɓacin ta ƙare ranar 11 ga Mayu, 2023, sharaɗin kwana uku ya dawo. Ganin likita ta bidiyo kuwa majalisa ta yi ta tsawaita wa'adinsa, domin asibitocin sun riga sun tara alƙaluman mutanen da suka amfana, sun kai mata su a rubuce.