Layin da Ake Ɗaure wa Abu Mai Motsi a Hoton Talabijin

Masu harhaɗa hoton silima da na talabijin suna da wata dabara ta ɗaure layi ko rubutu ga abu mai motsi, har ya zamana duk inda abin ya nufa layin na biye da shi, kamar yadda zare ke bin allura. Asalin aikin ba ɓoyayye ba ne. Hoto mai motsi jerin hotuna ne tsayayyu, 24 cikin kowace daƙiƙa a silima. Akan zaɓi wani ɗigo a jikin abin, a nemi matsayinsa a kowane hoto bi da bi, sa'an nan a rataya bakin layin a ɗigon nan. Max Fleischer ya soma irin wannan bibiya da hannu a Amurka tun wajen 1915, yana kwafar motsin mutum hoto bayan hoto. Yau kwamfuta ke yi. Abin da ya kamaci mai nazari shi ne ya tambayi abin da layin ke gaya wa mai kallo, da kuma iyakar gaskiyarsa. Filin wasa ya fi ko'ina bayyana wannan, domin a can ne layi ke iya cutar wani.

A watan Janairu na 1996 gidan talabijin na Fox ya fito da FoxTrax a wasan hoki na kan ƙanƙara. Ƙwallon wannan wasa wani ɗan faifan roba ne baƙi, faɗinsa inci 3, mai wuyar gani a akwatin talabijin na lokacin. Sai aka tsaga faifan, aka dasa masa 'yan fitilu masu fid da hasken da ido ba ya gani, aka kewaye filin da na'urori masu tsinkayar hasken. Mai kallo a gida sai ya ga faifan cikin wani shuɗin haske, in kuwa gudunsa ya wuce mil 70 a sa'a sai ya ja jar wutsiya a baya. Ta wajen ƙira abin gwaninta ne, amma masoya wasan, musamman na Kanada, suka ƙi shi, aka daina a 1998. Lalle suna da hujja. Hasken ya hau kan abin da aka ce zai nuna, ya rufe shi, ya kuma janye ido daga jikin 'yan wasa, alhali kuwa wanda ya san hoki daga motsinsu yake gane inda faifan ya ke.

Waɗansu daga cikin injiniyoyin nan, ciki har da Stan Honey, suka kafa kamfanin Sportvision, wanda ya kawo layin nan rawaya na ƙwallon ƙafa irin na Amurka. An fara nuna shi a tashar ESPN ran 27 ga Satumba, 1998. A wannan wasa dole ƙungiya ta ci yadi 10 cikin yunƙuri huɗu, kuma iyakar yadin nan 10 ba a zane ta ke a ƙasa ba, tana ƙaura da tafiyar wasa. A nan ƙasa aka ɗaure wa layin, kyamara ce ke motsi. Na'urori na auna juyawar kyamarar da kusantarta, kwamfuta kuwa an koya mata launukan ciyawar filin, domin ta shafa rawaya a kansu kaɗai. Saboda haka ɗan wasa kan taka layin ya wuce, sai ka ce da fenti aka ja shi. Wannan ya karɓu, ya dawwama, dalili kuwa a fili ya ke: ya nuna abin da ido ba shi da hanyar gani, ya kwanta ƙarƙashin ƙafa bai hau kan kowa ba, kuma alƙalan wasa ba da shi su ke yanke hukunci ba.

Wannan na ƙarshe shi ne inda layin satar gida ya bambanta, watau wanda 'yan gidajen kallon ƙwallo a Kano ko Damagaram suka fi sani. Tun da aka shigo da alƙalancin bidiyo a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, sa'an nan a gasar Firimiya ta Ingila a 2019, layi ya tashi daga bayani ya koma shaida. A wancan lokaci akan tsai da hoto, a ɗaure layi ɗaya ga mai kai hari, ɗaya ga mai tsaron baya, a soke ƙwallo saboda tazarar da ba ta kai yatsa ba. Amma fa kyamara mai ɗaukar hoto 50 cikin daƙiƙa tana barin giɓi tsakanin hoto da hoto. Mai gudun mita 8 a daƙiƙa ya ci santimita 16 cikin giɓin nan, kuma mutum ne ke zaɓen hoton da za a ce a nan aka buga ƙwallo. Siririn layi a bisa irin wannan hoto yana da'awar sanin da ba shi da shi. Mahukuntan Ingila sun amsa laifin nan a fakaice a 2021, sa'ad da suka ƙara wa layukan kauri, domin shakka ta amfani mai kai hari.

A Katar a 2022 an rage giɓin: kyamara 12 na bin gaɓoɓi 29 a jikin kowane ɗan wasa, wata na'ura cikin ƙwallon kuma na aika matsayinsa sau 500 cikin daƙiƙa. Awo ya gyaru ƙwarai, sai dai abin da aka nuna wa mai kallo ya daina zama hoton wasan. A wasan buɗe gasar, da aka soke ƙwallon Enner Valencia na Ekwado, mutum-mutumin kwamfuta aka nuno tsaye gaban wani bango, ba ciyawa ta gaske, ba ɗan wasa na gaske da za a gwada layin da shi.