Tatsuniyar da Ba Ta Jiran Amsa

A gidanmu da ke kusa da Hasumiyar Gobarau, kakata ba ta taɓa fara tatsuniya ba sai ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," sannan ta yi shiru. In ba mu amsa da "Ta zo mu ji ta" ba, Gizo ba ya fitowa daga bakinta. Na daɗe ina ɗaukar wannan gaɓa ado ce kawai. Sai da na shiga nazarin adabi na gane yarjejeniya ce: mai labari na neman izini, mai sauraro na buɗe ƙofa.

Da wannan ma'auni nake son in auna bidiyon nan da ke kunna kansa da zarar an buɗe shafin intanet. Ran nan, a wani zaman makoki a Ƙofar Ƙaura, na buɗe shafin labarai don duba sanarwar wata jana'iza, sai kiɗan talla ya ɓarke daga wayata ana tsakiyar addu'a. Kunyar da na ji ta wuce, amma tambayar ba ta wuce ba: wa ya ce ta zo mu ji ta?

Wannan tsari ba kuskure ba ne, dabara ce. Tun 2013 Facebook ya fara kunna bidiyo da kansa, kuma ya riƙa ƙirga daƙiƙa 3 a matsayin kallo. Ke nan ido ya zama hajar da ake sayar wa masu talla tun mai shi bai yanke shawara ba. Da ƙorafi ya yi yawa, manhajar Chrome ta taƙaita masu sauti a 2018, Firefox ta bi sahu a 2019. Sai dai an rufe bakin baƙon ne kawai, ba a fitar da shi daga ɗaki ba. Bidiyo marar sauti yana cin data, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ɗalibi ke biyan kuɗin abin da bai nema ba.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. A jihar da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa gidaje da dama, hoton gawa na iya fara motsi a gaban uwa kafin yatsanta ya kai ga tsayar da shi. Abin da ido ya gani kuwa ba ya gogewa.

Wani zai ce ai mai shela ma ba ya neman izini. Gaskiya ne, amma shela ta jama'a ce, a titi ake yin ta, ta wuce, ba a kuma cajin wanda ya ji. Wannan kuwa har ƙuryar ɗaki yake kutsawa ba sallama.

Ban ƙi bidiyo ba. Na ƙi a ƙwace mini amsata. Alamar nan da ake dannawa kafin hoto ya motsa ita ce "Ta zo mu ji ta" ta zamaninmu. Masu gina shafukan Hausa sun gaji al'adar da ta san darajar wannan shiru, ya kamata su bar mana shi.