Jinjina ga masu buɗe bonet da kansu

In mota ta fara kakkarwa tana shan mai, yawancinmu gareji muke nufa. Amma akwai masu buɗe bonet a ƙofar gida, su nake yi wa jinjina.

Sun san koyil ke ɗaga wutar batir mai volt 12 zuwa dubbai domin fulogi ya ba da tartsatsi; in koyil ya mutu kuwa, sai mota ta fara kakkarwa. A yawancin Corolla, kowane fulogi da nasa koyil, noti ɗaya ke riƙe da shi. Abin da ya fi burge ni haƙurinsu ne: su kashe inji ya huce, su musanya koyil ɗin da suke zargi da na kusa. In matsalar ta bi shi, an kama mai laifi. Ba sa sayen huɗu alhali ɗaya ne ya mutu.